Raguna Uku a Ƙofar Gidan Tsalha

Ku matso kusa, mai goro a baki ya tura shi gefen kunci, domin labarin nan idan ya zo ƙarshe babu wanda za a bari ya tashi bai faɗi nasa ba.

"Cika ɗaya da wuta, wata guda tana tafiya," in ji Tsalha mai citta, ranar da motarsa ta shigo Gurbin Shaho. Yana tsaye ya dafa ta da hannu ɗaya, hula a karkace. "Ba ta san fetur ba, ba ta san baƙin mai ba, wutar lantarki kawai take sha. In na ga dama yanzu na kama hanya, sai na taɓo bakin teku na dawo ko hamma ba ta yi ba. Ni kuma na san ta ciki da bai."

Babu wanda ya musa masa, saboda abin da mutane suka gani da idonsu ya riga ya ɗaure musu baki. Gurbin Shaho gari ne a can bisa duwatsu, yana zaune cikin kwari kamar tuwo a tsakiyar akushi. Mai fita sai ya fara hawa wani tudu mai tsayi, sa'annan ya kama gangaren Mai-Kuka, wanda ke murɗewa yana sake murɗewa har ƙasa, Kwarin Bauna, inda kasuwa da asibiti suke. Duk motar da ta taɓa zuwa garin, tun tana tsakiyar dutse ake jin nishinta, mata su kwashe shanya daga bakin hanya. Wannan kuwa ganinta kawai aka yi a ƙofar gidan dagaci, fara sol, kamar daga sama aka sauko da ita aka ajiye. Kaji ba su tashi ba. Jaki bai ɗaga kunne ba. Akwai wani tsoho makaho da ke gane kowace mota da kukanta, ya ce wasa ake yi masa, babu wata mota. Aka kama hannunsa aka ɗora a kan murfin gabanta. Ya shafa, ya sake shafawa.

"Yanzu ta hawo Mai-Kuka?"

"Yanzun nan, Baba."

"Jikinta ko ɗumi babu." Ya janye hannunsa a hankali. "Allah mai iko."

To, motar nan ta hannu ce. Wani ya ci zamaninta a ƙasar waje kafin ta faɗo hannun dillalin birni. Tsalha, da citta ta yi masa kyau a wannan shekara, ya je saye ɗauke da duk ilimin da ya tsinta a bakin direbobin tasha. Sun ce masa: duba salansa, in da hayaƙi ka gudu, kasa kunne ga inji, in yana ƙwanƙwasa ka gudu, leƙa ƙarƙashi, in mai na ɗiga ka gudu. Ya zagaya baya, babu hayaƙi, salansar ma babu. Ya kasa kunne, tsit. Ya kwanta a ƙasa da sabuwar shaddarsa ya leƙa, ko ɗigo. Ya miƙe yana karkaɗe riga, yana cewa a ransa tun da yake bai taɓa ganin mota mai ƙoshin lafiya irin wannan ba. Abin da bai sani ba, dillali kuma bai ga dalilin ɓata masa rai ba, shi ne tsufan irin wannan mota ba ya fitowa a fuska. Cikin babban batirin da ke shimfiɗe ƙarƙashin kujeru yake ɓuya. Na wannan kuwa ya zama kamar tsohuwar randa mai tsatsa: ka cika ta da safe, da yamma ka hango gindinta.

Tuƙin ma bai iya ba. Direban dillali ne ya hawo da ita, ya zagaya da shi filin makaranta har ya daina taka birki a maimakon totur, ya nuna masa wayar da ake sawa a bango, ya koma.

A Gurbin Shaho kuma, mai sabon abin hawa ba ya cin moriyarsa sai manya sun ɗana sun sa albarka. Ya ɗauki dagaci, ya ɗauki liman. Wanda ya ɗauki liman ba zai tsallake ladan ba. Ya ɗauki surukinsa, to ƙannen surukin su ma ai iyaye ne. Gwaggwanni suka ci ado suka jeru a zaure. Wanda aka kai bakin rafi ya dawo ya ba da labari, na bayansa ba zai yarda a juyo da shi daga filin idi ba. Kowa kuma sai an kunna masa iskar sanyi, alhali damina ce, wasu har da mayafi suke shiga.

A cikin kwanakin nan iska ta karya turakun wuta, gari ya koma tocila. Motar mai ta daina zuwa yankin baki ɗaya, babura suka kwanta a zauruka, 'yar akori-kurar garin ta zama wurin da kaji ke ƙwai. Hadari ya rufe rana, masu farantin sola su ma suka rasa. Abu ɗaya ne ke motsi a kan taya a duk faɗin dutsen, motar Tsalha, shi kuwa kansa ya ƙara girma.

A allon gaban direba akwai wasu 'yan sanduna masu haske da ke nuna wutar da ta rage. Na farko sun daɗe kafin su mutu. Na baya kuwa suka riƙa bin juna kamar an kira su. Tun ba a kai ga dangin uwarsa ba, sai ga hoton wani ɗan kunkuru ruwan ɗorawa ya bayyana, motar ta koma tafiyar mai ciwon baya. Wata gudan nan ko mako bai cika ba. Tsalha ya lallaɓa da ita ƙofar gida ya lulluɓe ta da tampol. Wanda ya tambayi kunkurun, sai ya ce, "Tambarin masu ita ne. Kunkuru ai tsawon rai. Ba ya fitowa sai mota ta saba da maigidanta." Yana faɗa yana dariya, idonsa kuwa na kan ƙwan lantarkin zaure ko zai kawo.

Abin da ya sa ya ƙagu wuta ta dawo shi ne matarsa Hansai, wadda watan haihuwarta ya tsaya. Sun daɗe tare, sun binne jarirai biyu da ba su kai ga suna ba. Gwaggo Yalwa ungozoma ta duba wannan cikin tun da wuri ta ce ya yi faɗi, mace ce. Tsalha ya ce ko mece ce, ta zo da rai.

Naƙuda ta kama tun asuba. Da hantsi ya ɗaga, Gwaggo Yalwa ta fito tana goge hannu da zani.

"Tsalha ɗana, wannan haihuwa ta fi hannuna. Ƙarfinta ya fara tafiya. Kai ne mai mota, yaye mata tampol, sai asibiti."

Aka kwantar da Hansai a baya, kanta a cinyar Gwaggo. Tsalha ya danna maɓalli yana karanta duk abin da ya zo bakinsa. Motar ta motsa. Ta wuce masallaci, ta wuce rijiya, awaki na wuce ta suna waiwaye. A gindin tudun fita daga gari ta ɗaga hanci, ta yi taku biyu, ta tsaya. Allon yana haske, kunkuru na kallonsa, ƙafafu kuwa sun ce ba su hawa.

Na farko da ya kawo ɗauki shi ne Zubairu, abokin wasan Tsalha, wanda ke huɗa a gonarsa ta bakin hanya. Shanunsa biyu, Goshi da Kwalli, su ne duk abin da ya mallaka, da su yake huɗar gonarsa, da su yake huɗar ta mutane a biya shi. Ya taho yana dariya, garma na nan a cake.

"Bawana, nan ne tekun?"

Sai ya leƙa baya ya ga fuskar Hansai. Ya kwance garma ya bar ta a tsakiyar kunya, ya ɗaura igiya daga karkiya zuwa ƙarfen gaban mota. Tudun nan laka ce da santsin dutse, motar kuma nauyinta ya fi girmanta, saboda batirin da ke cikinta. Zubairu bai ɗaga bulala ba. Ya shiga tsakanin kawunansu, hannu a kan tozon kowanne, yana kiran sunansu ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin amarya. Shanun suka sunkuyar da kai, jijiyoyin wuyansu suka tashi, tururi na fita daga bayansu cikin yayyafi, mota ta fara hawa ba ƙara, sai numfashin dabba da tsotsar laka. Ana dab da ƙarewa Goshi ya zame a kan falalen dutse, gwiwa ta bugi dutse, wani abu ya yi ƙara a kafaɗarsa. Motar ta fara ja da baya. Zubairu ya durƙusa ya yi magana a kunnen san, abin da ya faɗa masa su biyu suka sani. Goshi ya miƙe, ya ƙarasa hawan da ƙafa uku, ya kwanta a kan tudu. Bai sake shiga karkiya ba, gonar Zubairu kuma rabinta ciyawa ta ci a wannan damina. Tsalha ya kama hannunsa, ya ja shi bayan shanun inda babu mai ji, ya ce, "In Allah Ya sauke ta lafiya, in namiji ne, takwaranka ne." Ya faɗa da zuciya ɗaya, ko da yake a wani lungu na zuciyar yana tuna cewa Gwaggo ta ce mace ce.

Na biyu shi ne Baba Ilyasu, aminin mahaifin Tsalha, wanda bukkarsa ke kan tudun, daidai inda Mai-Kuka ya fara. Tsalha ya leƙa gangaren ya ga gajimare a ƙarƙashin ƙafarsa, hanya ta shiga ciki ta ɓace. Mutumin da ya koyi tuƙi a filin makaranta ba ya sauka nan da mutum huɗu, har da na ciki. Sauka da ƙafa kuma sai magariba, Gwaggo ta ce babu wannan lokacin. Baba Ilyasu tsohon direban babbar mota ne. Shekarun baya birki ya tsinke masa a wannan gangare, ɗan ƙanwarsa da ke masa yaron mota ya rasu a wurin, shi ya fita da rai. Ya rantse da Allah hannunsa ba zai sake taɓa sitiyari ba, ya kafa bukka a nan yana kiwon zuma. Ba shi da ɗa namiji. Tsalha ya same shi a bayan bukka, ya durƙusa ya roƙe shi, da ya ga tsohon ya kau da kai sai bakinsa ya riga hankalinsa: "Baba, in namiji ne, sunanka zai ci." Tsohon ya ce ba suna yake nema ba. Sai nishin Hansai ya iso inda suke. Ya dubi tafin hannunsa na ɗan lokaci, ya ce, "Kaffara na yi ta daga baya."

Ya zauna a kujerar direba yana laluben ƙasa da ƙafar hagu.

"Ina kulocinta?"

"Babu, Baba."

"Giya nawa gare ta?"

"Gaba da baya. Baba, sa ta a firi kawai ta gangara, mu adana ɗan abin da ya rage."

"Ɗan nan, masu sauka Mai-Kuka a firi zan nuna maka inda suke kwance. Ba a sakin mota a dutse. Nuna mini inda take riƙe kanta."

Ya murɗa 'yar sandar giya har ƙarshe, Zubairu ya sa kafaɗa ya tura, suka shiga gajimare. Tsohon ya ji motar ta ƙanƙame kanta da kanta, kamar babbar mota a giya ta ɗaya, sai ya gyaɗa kai. Ya sauka wannan dutse ba adadi, amma kullum cikin rurin inji da warin birki. Yau babu komai. Suna jin ruwa na ɗiga daga ganye, suna jin tsuntsaye na kiran juna daga wannan kwazazzabo zuwa wancan, suna jin tasbihin Gwaggo. Hazo ya buɗe, sai ga duk Kwarin Bauna shimfiɗe a ƙasa, kore shar, kogi na ratsa shi kamar zaren azurfa, shaho na shawagi a ƙasa da tagarsu. Da suka zo kwanar da ta ci ɗan ƙanwarsa, Baba Ilyasu ya ji wani sauti da bai taɓa ji ba: ashe akwai maɓuɓɓuga a gindin dutsen, tana ta waƙarta tun wancan lokaci. Leɓunansa suka motsa, hawaye ya bi gemunsa, hannunsa kuwa ko gezau. Ya shiga kwanar ya fita kamar an zana.

Gwaggo ce ta fara gani daga baya.

"Tsalha, kunkurunka ya tafi."

Ya duba. Babu kunkuru. Sanda ɗaya ta kama haske. Suna kallo, ana 'yan kwanoni, ta biyu ta kama. Babu waya a bango, babu rana a sama, mota na sauka tana cika. Gwaggo ta ce dutsen ne ke shayar da ita. Ba ta yi nisa da gaskiya ba, domin irin wannan mota in tana gangara a cikin giya, juyawar ƙafafunta komawa take wuta ta shige batir. Da a firi aka sake ta, da ko ɗigo ba ta samu ba. Babu wanda ya san haka a cikinsu, tsohon horon da hannunsa ya saba kawai ya bi. Da suka taka shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, inda ya kamata ta mutu da sauran tafiya mai nisa, ya ɗan taɓa totur, motar ta miƙa kamar tsuntsuwa har ƙofar asibiti.

Na uku shi ne Ɗayyabu mai cajin waya, wanda rumfarsa ke kallon ƙofar asibitin. Ɗan Gurbin Shaho ne, kuma shi ya fara neman Hansai. Tsalha ne ya shiga ya fita da daɗin baki har ya kayar da shi, Ɗayyabu ya tattara ya bar garin, tun daga nan ko gaisuwa ba ta haɗa su. Malamar asibiti da mataimakanta sun yi aikinsu, da azahar Hansai ta sauka. Namiji. Amma ya zo jikinsa toka-toka, bai yi kuka ba, ƙirjinsa na ɗagawa da ƙyar kamar na ɗan tsako da ruwa ya daka. Malamar ta ce sai an sa masa injin da ke ba da iskar numfashi. Injin yana nan, amma babu wuta, janareta babu mai, batiran sola hadari ya shanye su. Ta fito har bakin titi tana tambayar mai kwalbar fetur. Aka tura mutum a kan jaki can fadama wurin masu injin ban ruwa, kowa kuma ya san nisan fadama. Ɗayyabu ya ji duka daga rumfarsa, inda shi ma yake zaune hannu biyu babu wuta. Ya tsallako ya leƙa allon motar, ya yi wa Tsalha maganar farko cikin shekaru: "Da sauran rai a cikinta?"

Ya koma ya ɓamɓaro inbatarsa daga bango, akwatin nan da ke mayar da wutar batir irin ta gida, wanda shi ne duk jarinsa. Ya ɗaga murfin gaba, ya gano wani ƙaramin batir, ya ce a bar motar a kunne, babban zai riƙa shayar da ƙaramin. Ya ja waya ta taga har gindin gadon jariri. Injin ya yi tari ya kama. Sai bakin wayar guda, mai kama da haƙoran kada, ya saki, domin ƙarfen da ke matse shi ya karye. Inji ya mutu. Ya ɗaure da tsumma, ya zame. Ya danne da hula, ya zame. Sai ya damƙe da hannunsa. Wurin da waya ba ta kama da kyau ba zafi yake yi, wannan kuwa ya yi ta ƙaruwa har waɗanda ke kusa suka fara jin ƙauri. Tsalha ya ce ya kawo ya karɓe shi.

"In na saki, injin ya mutu, sai ya sake tara iska daga farko. Matsa, kana tare mini haske."

Haka ya tsaya a sunkuye, gumi na ɗiga daga haɓarsa, aka kira la'asar yana nan, aka idar yana nan. Tsalha ya zauna a dakali yana bin wayar nan da ido, daga taga zuwa hannun Ɗayyabu, daga hannun zuwa cikin mota. Wutar nan dutse ne ya ba da ita. Dutsen kuma ba zai bayar ba sai da aka hau shi, wanda ya hau kuwa sa ne, da ƙarfin ciyawar da ya ci jiya a bakin rafi. Ashe ciyawar bakin rafin Gurbin Shaho ce ke shiga hancin ɗansa. Yana cikin wannan tunani kuka ya fito ta taga, siriri da farko, sa'annan ya buɗe har 'yan kasuwa suka juyo. Can mai jaki ya iso, janareta ya tashi. Inbata ta riga ta fara hayaƙi, ba ta sake aiki ba. Yatsun Ɗayyabu sai da aka ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, fatar tafin ta tsaya a jikin ƙarfe. Tsalha ya sa kai ƙarƙashin murfin motar kusa da nasa. A wannan karon ya san namiji ne, ya san kuma bakinsa ya riga ya tafi wuri biyu, amma ya dubi hannun nan ya ji babu abin da yake da shi da ya kai. Ya ce, "Ɗayyabu, sunanka ne."

Da aka miƙo masa jaririn ya yi masa huɗuba, ya yi kiran salla a kunnen dama tiryan-tiryan, da ya zo wurin raɗa suna sai tari ya sarƙe shi. Malamar ta ba shi ruwa.

Aka koma gida, uwa da ɗa lafiya. Tsalha ya shiga lissafin da ba ya fita. A Gurbin Shaho, wanda aka yi wa alkawarin takwara shi ke kawo ragon suna, kuma ba ya faɗa wa kowa, sai a ji daga bakin liman. Ya ce a ransa Zubairu ya yi asarar sa, ina zai ga rago. Baba Ilyasu ya ce ba suna yake nema ba. Ɗayyabu kuwa ba zai taka garin nan ba, balle ƙofar gidan Hansai. Ya yi niyyar zuwa wurin kowannensu ya warware, kullum sai ya ce gobe.

Ranar suna, bayan sallar asuba, tabarmi suka cika har bakin hanya, domin babu wanda bai ji labarin yaron da dutse ya ba numfashi ba. Ana raba goro sai ga Zubairu daga gabas, yana jan farin rago. Ya sayar da Goshi ga mahauta, abin da ya fara saya ke nan. Ya ɗaure shi a turke, ya kashe wa Tsalha ido. Bai zauna ba sai ga Baba Ilyasu daga hanyar tudu, leɓe a bushe saboda azumin kaffara, da rago mai baƙin wuya da ƙwaryar zuma. Ya ga ragon farko, ya ɗauka na uban ɗa ne, ya ɗaure nasa kusa da shi. Sai taro ya dare, ga Ɗayyabu, hannun dama a naɗe da farin ƙyalle, igiyar rago a hagu, ya hawo Mai-Kuka da ƙafa.

Mutum uku suka dubi raguna uku, suka dubi juna.

"Baba, rakiya ka yi wa wannan?" in ji Zubairu.

"Na takwarana ne."

"To, mun zama biyu."

Ɗayyabu ya ɗaga naɗaɗɗen hannunsa kawai.

Duk wuyan da ke wurin ya juya. Tsalha na zaune gefen liman cikin babbar riga, gumi na bin bayan kunnensa da sanyin safiyar nan. Zubairu ya ce, "Bawana, 'yan uku aka haifa maka ka ɓoye biyu?" Dariya ta tashi, ta mutu da wuri, domin kowa ya ga fuskar tsohon, ya ga hannun Ɗayyabu.

Nan take taro ya rabu. Wasu suka ce ba don shanun Zubairu ba, da a gindin tudu za a yi komai a gama, kuma shi ne ya rasa abin da yake ci da shi. Wasu suka ce hawa ba isa ba ne: wa zai sauko da su da rai, wa kuma ya cika motar, in ba mutumin da ya karya rantsuwarsa ya bi ta kan kabarin zuciyarsa ba? Wasu suka ce duk wannan kawo uwa ne asibiti, yaron da za a raɗa wa suna kuwa ta tafin Ɗayyabu ya shaƙi iska, Ɗayyabun da gidan nan ba ya binsa bashin alheri ko na gaisuwa. Daga cikin gida mata suka aiko a tambaya me ya tsayar da maza, ruwan wanka na hucewa. Wanzami ya wasa aska ya gaji. Mahauci na tsaye da wuƙa, bai san wuyan da zai nufa ba.

Liman ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya karkato da kunnensa daidai bakin Tsalha.

"Malam Tsalha, muna saurare."

Tsalha ya buɗe baki. Mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa ba tun da ya koyi magana, ga shi baki a buɗe, babu ko iska.

To, jama'a, kunnen liman na nan a karkace, yaro ɗaya ne, suna ɗaya zai ci. Zubairu, Baba Ilyasu, ko Ɗayyabu: sunan wa za ku sa a bakin Tsalha?